Wai Me Ya Hana Amurkawa Daidaitawa Kan Binciken Mai Sayen Bindiga a Cinikin Hannu da Hannu?

Duk sanda aka yi harbin kan mai uwa da wabi a Amurka, a makaranta ne ko a coci ko a shagon cefane, za ka ga mutanenmu a Facebook suna tambaya iri ɗaya: wai su ƙasar nan ba a binciken mutum ne kafin a sayar masa da bindiga? Wani ya ce ai kamar biredi ake sayar da ita, wani kuma da ya taɓa zama can ya ce ƙarya ne, shi da idonsa ya ga ana cike fom ana tura suna wajen FBI. To su biyun duk gaskiyarsu, ya danganta ne kawai da wajen wa ka je saye da kuma jihar da kake tsaye a cikinta. A kan wannan ɗan bambancin ne Amurkawa suka kwashe sama da shekara 25 suna kai ruwa rana, kuma har yau ba su gama ba.

Menene binciken ma tukuna?

In ka shiga shagon dilan bindiga mai lasisin gwamnatin tarayya, ba ya isa ya miƙo maka kaya haka kawai. Za ka nuna katin shaida, ka cike wani fom da ake kira 4473, shi kuma ya tura bayananka cikin wani tsarin kwamfuta mai suna NICS wanda hukumar FBI ke riƙe da shi tun watan Nuwamban 1998. Yawanci cikin 'yan mintuna amsa take dawowa, ko a ce a ba ka, ko a ce a hana ka, ko a ce a dakata ana dubawa.

Abin da ake dubawa shi ne ko kana cikin jerin waɗanda doka ta haramta wa riƙe bindiga: wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan laifin da ɗaurinsa zai iya wuce shekara ɗaya, wanda ya gudu daga shari'a, mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, wanda aka hukunta kan dukan iyali, wanda kotu ta yi wa iyaka da matarsa saboda barazana, wanda ke zaune a ƙasar ba takardu, da sojan da aka kora kan babban laifi. Alƙaluman ma'aikatar shari'a sun nuna daga 1994 zuwa 2015 an hana saye sama da sau miliyan 3 ta hanyar irin wannan bincike, wato ba wasan yara ba ne, yana tare mutane.

To ina ɓarakar take?

Dokar tarayya dila mai lasisi kawai ta ɗora wa wannan nauyin. Kai da kake da bindiga biyu ko uku a gida ka ga dama ka sayar da ɗaya, kai ba dila ba ne, ba wanda ya ce sai ka binciki mai saye, ba fom, ba rasit, ba komai, hasali ma ko kana so ba ka da ikon shiga NICS ɗin da kanka sai ka bi ta wajen dila. Ka ɗauka kamar wayar hannu ce: ka sayi sabuwa a shago an rubuta maka rasit da lambar kwali, bayan shekara ka sayar wa wani a bakin titi ya ƙirga maka kuɗi kowa ya kama gabansa. Bambancin dai wannan wayar tana kisa.

Sharuɗɗa biyu ne manya a kan mai sayarwar. Na farko ku kasance 'yan jiha ɗaya, in mai sayen daga wata jihar yake dole kayan su bi ta hannun dila. Na biyu kar ka sayar wa wanda ka sani, ko kake da dalilin zargin, cewa doka ta hana shi. Nan fa abin yake ba ni mamaki, domin in ka lura dokar da kanta ta koya wa mai sayarwa kar ya yi tambaya, tunda muddin bai sani ba ba shi da laifi, yawan tambaya ne zai jawo masa sani.

A labarai za ka ji ana ta cewa "ɓarakar baje kolin bindigogi", kuma wannan sunan yana ruɗa mutane. Baje kolin kasuwa ce ta ƙarshen mako da ake ci a manyan zauruka, amma dila mai lasisi ko a can ya kafa teburinsa dole ya yi bincike kamar a shagonsa. Wanda ba ya yi shi ne mutumin da ke teburin kusa da shi wanda ya ce shi kayan kansa yake ragewa. Saboda haka maganar ba ta wuri ba ce, ta wanda ke sayarwa ce, kuma yanzu ma yawancin irin wannan haɗuwar a intanet ake ƙulla ta, a shafuka irin su Armslist, a yi ciniki a waya sannan a haɗu a wajen ajiye motoci. Facebook ya hana irin wannan tallar tun farkon 2016.

Misalai biyu da masu neman gyara ba sa gajiya da kawowa. A watan Oktoban 2012 a garin Brookfield na jihar Wisconsin, wata mata ta samu takardar kotu da ta yi wa mijinta iyaka da ita, wanda hakan ya haramta masa riƙe bindiga, cikin kwana biyu ya samu mai sayarwa ta Armslist ya biya kuɗi hannu, washegari ya je wajen gyaran jikin da take aiki ya kashe ta da wasu mata biyu. Sai na Teksas, ƙarshen Agustan 2019, mutumin da ya kashe mutum 7 tsakanin Midland da Odessa ya taɓa zuwa shago a 2014 bincike ya hana shi, sai kawai ya nemi mai sayarwa na hannu da hannu. Daga baya an ɗaure wanda ya sayar masa shekara biyu, amma ba don rashin bincike ba, don an gano ya mayar da abin sana'a ba lasisi.

Ta yaya aka bar doka a haka?

Ba mantuwa aka yi ba, da gangan aka bari. Asalin dokar ta 1968 ce, bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, ita ta faɗaɗa jerin waɗanda aka haramta wa ta kuma tsaurara tsarin lasisin dillalai. A 1986 masu kare haƙƙin bindiga suka ci nasarar wata doka da ta fayyace cewa mai sayarwa jefi-jefi daga kayan da ya tara ba ɗan kasuwa ba ne, ita ce kuma ta haramta wa gwamnatin tarayya buɗe rajistar masu bindiga, ku riƙe wannan, za mu dawo kanta. Sai dokar Brady ta 1993 da Bill Clinton ya sa wa hannu, an sa mata sunan James Brady, kakakin Shugaba Reagan da harsashi ya same shi a kai ranar da aka yi yunƙurin kashe Reagan a 1981. Ita ta kawo binciken, amma ta tsaya a kan dillalai don in an ce kowa da kowa ba za ta wuce majalisa ba.

Tun daga nan duk bayan wani babban bala'i sai a sake gwadawa. A 1999 ɗalibai biyu suka kashe mutum 13 a makarantar Columbine, uku daga cikin bindigoginsu wata ƙawarsu 'yar shekara 18 ce ta sayo musu a baje koli daga masu sayarwa marasa lasisi. Majalisar dattawa ta amince da gyara da ƙuri'a 51 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ya zo ya raba gardama, amma abin ya mutu a majalisar wakilai. A Disamban 2012 aka kashe yara ƙanana 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook, kowa ya ce to wannan karon kam an gama, sanatoci biyu da duk suke da farin jini wajen masu bindiga, Joe Manchin na Dimokurat da Pat Toomey na Rifablikan, suka haɗa ƙuduri mai sassauci, ya shafi cinikin baje koli da na intanet kawai ya ƙyale na 'yan uwa da abokai. Ranar 17 ga Afrilun 2013 ya samu ƙuri'a 54, 46 suka ƙi, kuma ya faɗi, saboda a majalisar dattawansu sai ka tara 60 cikin 100 kafin ka tsallake masu jan ƙafa. Majalisar wakilai ta amince da binciken bai-ɗaya, wato bincike a kowane ciniki, a 2019 da 2021, duk sau biyun ya je dattawa ya kwanta.

Abin da ya ɗan motsa shi ne 2022 bayan harin wata makaranta a garin Uvalde na Teksas, inda aka kashe yara 19 da malamai 2. Dokar da Biden ya sa wa hannu a watan Yuni ba ta ce a binciki kowa ba, ta dai sauya ma'anar ɗan kasuwa, a da sai in da cinikin kake neman abinci, yanzu in babbar manufarka riba ce to ka nemi lasisi. A 2024 ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ta fitar da ƙa'ida mai faɗaɗa wannan, wani alƙalin tarayya a Teksas ya dakatar da ita a wasu jihohi, Trump kuma da ya dawo a 2025 ya ba da umarnin a sake duba ƙa'idojin bindiga na zamanin Biden gaba ɗaya.

Me kowane ɓangare yake cewa?

Hujjar masu so gajera ce. Sun ce mun riga mun yarda akwai mutanen da bai kamata su riƙe bindiga ba, mun kuma gina na'urar gano su, to meye amfanin kulle ƙofar gaba da kwaɗo a bar ta baya a buɗe? Suna so duk ciniki ya bi ta wajen dila, ku je tare, ya yi binciken, ya karɓi ɗan kuɗinsa, a ware kyauta tsakanin uba da ɗa ko miji da mata. Sun ce hakan ma kariya ce ga mai sayarwa na kirki, don ba wanda yake so 'yan sanda su ƙwanƙwasa masa ƙofa su ce bindigarsa ce aka yi kisa da ita.

Na masu ƙi ya fi tsawo, kuma mu da muka taso inda bindiga izini ce da hukuma take ba wanda ta ga dama, sai mun ɗan fita daga tunaninmu kafin mu gane su. A wajensu haƙƙi ce da ke cikin kundin tsarin mulki tun 1791, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin mutum ne shi kaɗansa ba sai yana cikin wata runduna ba. Suna cewa ɗan daba ba zai ja mai sayar masa su je shago a bincike shi ba, mai bin doka ne kawai zai sha wahala ya biya kuɗi, kuma manomin da ke ƙauyen Montana da zai yi tafiya mai nisa kafin ya ga dila, don kawai zai ba maƙwabcinsa aron bindigar farauta, shi za a mayar mai laifi.

Amma zuciyar rigimar rajista ce. Tambayarsu ita ce, in an kafa dokar, ta yaya za ka kama wanda ya karya ta? Ka tsare mutum da bindiga ya ce ai tun kafin dokar ya saya, ba ka da hujja sai in akwai littafin da ke nuna wa ke da me. Wato ko dai dokar ta zama ta takarda kawai, ko kuma gobe a ce sai an yi rajista don ta yi aiki, rajista kuma a ganinsu ita ce matakin farko na ƙwace, suna nuna Ostareliya da bayan kisan Port Arthur a 1996 ta tilasta wa mutane miƙa bindigogi wajen 650,000 aka biya su. Wannan tsoron ya kai har bayanan wanda ya ci binciken NICS dole FBI ta goge su cikin awa 24, cibiyar ATF mai bin sawun bindigogi a West Virginia kuma an hana ta haɗa takardunta cikin kwamfutar da za a iya neman mutum da suna, ma'aikata suna bin takarda ɗaya-ɗaya a ƙasar da ta ƙirƙiro Google. Ƙudurin Manchin da Toomey har ɗaurin shekara 15 ya tanada ga duk jami'in da ya yi rajista, duk da haka ba su yarda ba. Ni dai a ganina tambayar tasu ta aiwatarwa tana da nauyi, masu so ba su cika amsa ta kai tsaye ba. Sai dai ita NRA da kanta, babbar ƙungiyar masu kare haƙƙin bindiga, a 1999 babban jami'inta Wayne LaPierre ya zauna gaban majalisa ya goyi bayan bincike a baje koli, daga baya ne suka juya.

Alƙaluman da kowa ke ja ta gefensa

Shekara da shekaru 'yan siyasa, har da Obama, suna cewa kashi 40 cikin 100 na bindigogi ba bincike ake samunsu. Wannan adadin daga wani tsohon nazari ne na 1994 da aka tambayi mutum 251 kacal. Sabon nazarin da ya fito a 2017 ya samu kashi 22. Ya ragu sosai amma a ƙasar da aka ƙiyasta fararen hula na riƙe da bindiga miliyan 393, fiye da yawan mutanenta, ɗaya cikin biyar ba kaɗan ba ne.

Su kuma masu ƙi suna son wani nazarin ma'aikatar shari'a da aka tambayi fursunoni a 2016, ƙasa da kashi 1 ne suka ce a baje koli suka samu bindigarsu. Gaskiya ne, amma su ƙarasa karantawa mana, kashi 43 a titi ko kasuwar bayan fage suka samu, kashi 25 daga ɗan uwa ko aboki, kashi 10 kawai daga wajen 'yan kasuwa. To ita ta titin daga ina ta zo? Kusan kowace bindiga a Amurka da halal take farawa, daga kamfani zuwa dila zuwa mai saye na farko, sai a hannu na biyu ko na uku take ɓacewa, ta sata, ko ta ɗan aike mai tsabtar suna da ya saya wa wani, ko ta wannan cinikin da muke magana.

In an kafa dokar tana aiki kuwa?

Nan ne ba kowa ke jin daɗin amsar ba. Jihohi wajen 20 sun riga sun yi nasu dokokin, saboda haka akwai abin dubawa. Kalifoniya ta wajabta bincike a kowane ciniki tun 1991, amma masu nazari a jami'ar jihar da ke Davis, waɗanda ba wanda zai ce 'yan amshin shatan NRA ne, sun duba shekara goman farko ba su ga kisa da bindiga ya ragu saboda dokar ba. Dalilan da ake kawowa: mutane ba sa bi, ba a kama waɗanda suka ƙi bi, kuma a lokacin bayanan da ke cikin kwamfutar ba su cika ba.

Inda aka ga bambanci shi ne jihohin da suka haɗa binciken da lasisin saye, wato sai ka je wajen hukuma da kanka an tantance ka an ba ka takarda. Connecticut ta yi haka a 1995, masu nazari a jami'ar Johns Hopkins suka danganta shi da raguwar kisa da bindiga da kusan kashi 40 a shekara goman farko, Missouri kuma ta soke nata a 2007 kisan ya hau da kusan rubu'i. Ana jayayya kan girman waɗannan alƙaluman, amma kusan duk inda aka duba lasisi ya fi bincike tsura tasiri. Matsalar ita ce lasisin ya fi kama da rajistar da ake gudu, wato abin da ya fi aiki shi ya fi wuyar wucewa.

Sannan shi kansa binciken iya abin da aka zuba masa yake gani. Wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007 a wajen dillalai ya saya, hukuncin kotu kan lafiyar ƙwaƙwalwarsa bai shiga kwamfutar ba. Wanda ya kashe 26 a cocin Sutherland Springs a 2017 kotun soja ta taɓa hukunta shi kan dukan matarsa da ɗanta, rundunar sojin sama ba ta tura bayanin ba. Na cocin Charleston a 2015 kuwa binciken ne ya maƙale, doka kuma ta ce in kwana uku na aiki suka wuce ba amsa dila na iya miƙa kaya. Na Sandy Hook ma bindigogin uwarsa ya ɗauka, da ƙudurin da aka kawo saboda shi ya wuce ba zai tare shi ba. Irin waɗannan manyan hare-haren da muke gani a talabijin ba su ne binciken hannu da hannu zai fi shafa ba, zai fi shafar kisan yau da kullum na unguwanni da na cikin gida wanda ko labarai ba ya shiga.

Sama da kashi 80 suna so, me ya hana?

Kusan duk jin ra'ayin jama'a da aka yi, har da na cibiyar Pew, yana nuna sama da kashi 80 na goyon baya, ciki har da yawancin masu bindiga. Amma cewa "eh" a waya daban, fita zaɓe saboda abu daban. Mai ƙi yana iya yafe wa ɗan siyasa komai ban da wannan, mai so kuma yana da haraji da tsadar kaya da wasu abubuwa goma a gabansa. Kolorado ta kafa binciken bai-ɗaya tare da wasu dokokin a 2013, kafin shekara ta ƙare aka yi wa sanatocin jihar biyu kiranye aka tsige su, sauran 'yan siyasa duk sun ga wannan. A 2016 aka kai maganar akwatin zaɓe kai tsaye, a Maine ta faɗi, a Nevada ta wuce da ƙyar sannan ta zauna ba aiki saboda an rubuta FBI ce za ta yi binciken ita kuma ta ce ba aikinta ba ne, sai 2020 ta fara aiki bayan majalisar jihar ta gyara. Maine ɗin ma sai bayan an kashe mutum 18 a Lewiston a 2023 ta wajabta bincike kan cinikin da aka tallata.

Ya abin yake shafar talaka?

Ga mai saye da sayarwa, kuɗi ne da lokaci, dila kan karɓi dala 25 zuwa 50 ko fiye don ya yi maka binciken, wanda ga mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune a unguwa mai hatsari ba ƙaramin abu ba ne. Ga matar da ta samo takardar kotu kan mijin da ke mata barazana, bambancin jiha na iya zama bambancin rai da mutuwa, domin Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024 cewa hana irin wannan mijin bindiga bai saɓa tsarin mulki ba, amma hanin ba ya tare shi in akwai mai miƙa masa a wajen ajiye mota. Jihohi masu tsauri kuma kullum kukansu kaya daga maƙwabta suke shigowa, Chicago tana nuna Indiana, New York tana nuna jihohin kudu, Meziko ma kukan da take yi ke nan da Teksas da Arizona.

'Yan uwanmu da ke can kuma su kula, rashin bincike ba ya halatta ciniki. Mai katin zama na dindindin yana da damar saye, amma ɗalibi ko baƙon da ya shigo da biza ta wucin gadi doka ta hana shi, sai da 'yan keɓance-keɓance irin na mai lasisin farauta, kuma ko aboki ne ya sayar masa ba wanda ya tambaye shi komai, ranar da aka kama shi da ita laifin tarayya ne da zai iya kai shi kurkuku ya kuma jawo a tiso ƙeyarsa gida.